Yadda Na Ƙarasa Haɗa Imel Abokina Yana Tsare

Shekarun baya, lokacin ina saurayi mai ganin kansa ya iya kwamfuta, na yi aiki a wani kamfanin fiton kaya da ke unguwar Glass, ba nisa da bakin ruwa. A Libreville aka haife ni, a Lalala na girma, da Faransanci na yi lakwal, wato makarantar boko, tun ajin farko, amma a takarda ni baƙo ne kamar mahaifina da ya taso daga Damagaram. Katin zama nake yawo da shi a aljihu, wanda muke ce wa sejur, kuma duk sanda ya kusa ƙarewa sai an je an sabunta.

Mu biyu ne a sashen kwamfuta. Babba shi ne abokina, mutumin Garwa a arewacin Kamaru. Ya girme ni, Yaya nake ce masa, kuma shi ne ya yi karatun abin da gaske. Ni aikina jan waya ne, da gyaran firinta, da gaya wa sakatarori su kashe su sake kunnawa. Amma in na koma unguwa, injiniya ake kirana, ban kuma taɓa gyara wa kowa ba.

Wata safiya aka tashi da labarin an karya darajar kuɗin sefa, ta koma rabi. Duk abin da ke shigowa daga waje ya yi tsalle. Mahaifiyata tana sayar da atamfa a Lalala, sai ta wuni ba a taya ba. A biro kuwa, wato ofishinmu, abin da ya hana patron, shugaban kamfanin, sukuni shi ne waya. Uwar kamfanin tana Faransa, kullum sai an yi ta aika faks ana buga waya kan jirage da kwantena. Sai can suka yanke shawarar a koma imel.

Matasa, kada ku ɗauka irin imel ɗin yanzu ne. Babu intanet a garin a lokacin. Na'ura guda ake ajiyewa a ofis, ta tara saƙonnin kowa, sai ta buga waya da kanta ta modem zuwa takwararta ta Faransa, ta zuba nata, ta kwaso nasu, ta kashe layi cikin 'yan mintoci. Babu hoto, babu abin latsawa. Baƙin allo ne da ɗan haske yana ƙiftawa, kana rubuta mata umarni layi bayan layi. In ka yi kuskuren harafi guda, ba ta tausaya maka.

Kafin na'urar ta iso shekara ta kusa zagayowa, kuma garin ya canza. Hukuma ta ba baƙi wa'adi, duk wanda takardunsa ba su cika ba ya bar ƙasar. Aka fara tare motoci a mahaɗar tituna. Taksi zai tsaya, a leƙo, a dubi fuskoki, a ce wane da wane su sauko. Maƙwabtanmu da dama sun kulle shaguna sun tafi. Mahaifiyata ta kafa mini doka, duk abin da nake yi, magariba ta same ni a gida.

Katina yana da sauran rai. Na abokina ya ƙare. Ya kai takardunsa, aka ce ba a sabunta masa sai ya kawo sabuwar kwangilar aiki, ga shi tasa ta kusa ƙarewa. Mutanen Faransa kuma sun ce ba su sabunta kwangilar kowa a sashenmu sai sun ga imel yana tafiya, domin suna neman inda za su rage ma'aikata. Don haka ya duƙufa. Ya ɗora wa na'urar manhajar Unix, ya raɗa mata suna, ya sa saƙo yana yawo tsakanin ofisoshinmu na cikin gida. Ni ina gefe ina miƙo masa faifai ina gyaɗa kai kamar na gane. Abin da ya rage shi ne mafi wuya, wato fitar da saƙo waje. Ya fara rubuta dokokin a fayil ɗin sendmail, manhajar da ke yanke inda kowane saƙo zai nufa, ya ce gobe mu ƙarasa.

Washegari bai zo ba. Hantsi ya yi, sai ga matarsa a ƙofar biro da goyo a bayanta, ko takalmanta ba iri ɗaya ba ne. Ta ce wani mai shago a unguwarsu ta London ya ga an sauke shi daga taksi a titin bakin ruwa, an sa shi a mota tare da wasu. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya ne kawai tana kallona, kamar ni ne zan ce mata ƙarya ne.

Na kai ta wurin patron. Ɗan ƙasa ne, dattijo, ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa kamar kowa a lokacin. Ya rufe ƙofa ya buga Faransa a gabanmu, ya yi ta magana yana share gumi. Da ya ajiye sai ya ce, "Ina da wanda zan gani a inda aka tsare shi, amma ba zan je hannu rabbana ba. Sai da kwangila. Ni kuma ba ni da ikon sa mata hannu sai sun yarda, su kuma sun ce su ga saƙo ya iso tukuna." Ya juyo gare ni. "Za ka iya ƙarasawa?"

Na ce zan iya. Har yau ban san daga ina maganar ta fito ba.

Na koma ɗakinmu na zauna a kujerarsa, na buɗe fayil ɗin. Wanda bai taɓa ganinsa ba, ya ɗauka kaji ne suka yi tono a kan rubutu, alamomi ne kawai a cakuɗe, babu kalma guda da za ka kama. Akwai wani ƙaton littafi na Ingilishi da ya zo tare da na'urar, ni kuma Ingilishina na sayen burodi ne. Na aro ƙamus wurin sakatariya, ina karanta layi ina neman kalma. Na kwaikwayi dokokin da ya fara, na ƙara nawa a ƙasa, na ba ta umarnin tashi. Ta ƙi. Ta nuna mini lambar layina ta ce bai yi ba. Na duba, na sake dubawa, layina da nasa kamar tagwaye. Na goge na sake rubutawa, ta sake ƙi. Haka na wuni, har hasken taga ya fara ja, na tuna dokar mahaifiyata na kashe fitila.

A gida ba a maganar komai sai jirgi. Ana cewa in mutane suka taru a kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, sai a kwashe su zuwa tasha a zuba a jirgin ruwa, ba wanda ya san ranar. Mahaifiyata ta ajiye mini tuwo, ta ce, "Ka ci. Da yunwa ba za ka fitar da kowa ba." Da na ce mata gobe zan kai wa abokina abinci, sai ta ce, "Ka je, amma kada ka yi gardama da kowa. Ko zagin ka aka yi, ka ce na gode."

Da azahar na karɓi kwano wurin matarsa na tafi kwamisariya. A ƙofa ɗan sandan da ke tebur ya karɓi sejur ɗina, ya juya shi gaba da baya, ya jefa a aljihun tebur, ya ce in na fito in karɓa. Na shiga ba kati a jikina, kuma a wurin nan bambancina da waɗanda ke tsare bai wuce wannan katin ba.

Tsakar gidan cike take, mutanen Mali, mutanen Benin, 'yan Najeriya suna ta magana da burokin, Ingilishin kasuwa, kowa zaune a kan siminti cikin rana. Aka kira abokina ya zo bakin shingen ƙarfe. Rigar aikinsa ce a jikinsa, ta yi dauɗa, babu tabarau a fuskarsa. Na yi niyyar ba zan ɗaga maganar aiki ba, ina jin kunyar in tambayi mutum a wannan hali. Shi ya fara.

"Ta tashi?"

"Ta ƙi, Yaya. Tana cewa layina bai yi ba, alhali irin naka ne sak."

Ya runtse ido. "Da me ka raba ɓangaren hagu da na dama?"

"Da sarari."

"Maɓallin tab take so ka danna, ba na sarari ba. A ido duk ɗaya ne, a wurinta ba ɗaya ba." Sannan ya ce, "Yarinyar tana shan nono? Daren da ya wuce kafin a kama ni jikinta da zafi."

Na ce tana sha, ko da yake ban sani ba. Zan tambaye shi abin da zan yi bayan nan, mai gadi ya buga sanda a ƙarfen ya ce ya isa.

Da na fito, an canza mutumin tebur. Na ce na zo karɓar katina. Sabon ya ce wane kati. Na nuna masa aljihun tebur, ya ce shi ba wanda ya bar masa komai. Ya tambaye ni ɗan ina ne, na ce a nan aka haife ni. Ya yi murmushi ya ce duk haka kuke cewa, ya nuna mini benci ya ce in zauna. Na zauna, kwanon da babu komai a cinyata. Daga inda nake ina hango ƙofar tsakar gidan. Ya ci gaba da hirarsa da wani, yana dariya, ni ina lissafin yadda za a gaya wa mahaifiyata. Ban san tsawon zaman ba. Can dai ya ja aljihun teburin don neman ashana, ya ga katin, ya ɗaga ya haɗa da fuskata, ya wurgo mini. Na ce na gode.

Na koma biro na canza sararin nan zuwa tab. Ta tashi nan take, ba ƙorafi. Na ji kamar in mare ta.

Saura waya. Na ba ta umarnin kira, modem ya buga lamba, ya yi kukansa mai kama da ana yanka akuya a cikin gwangwani, layi ya haɗu, sannan shiru, sai ya katse. Kowane gwaji kiran ƙasar waje ne, kuma mai kula da kuɗin kamfani ya fara leƙowa. Da na gaji, sai na daina barin ta tana kira da kanta, na kira da hannuna don in ga abin da na'urar Faransa ke cewa. Allo ya tsaya fayau, babu komai. Cikin haushi na danna maɓallin shiga, sai ga ta ta tambayi suna. Ashe tana jiran a fara yi mata sallama ne, tamu kuma tana jiran a fara tambayarta, kowace ta zuba wa 'yar'uwarta ido har lokaci ya ƙare. Na gyara layin gaisuwar, na sake gwadawa. Saƙona na gwaji ya fita. Na ga layin ajiya ya koma babu komai, na miƙe tsaye ni kaɗai a ɗaki. Na saita ta ta riƙa kira da kanta lokaci-lokaci, na tafi gida ina jin na gama.

Da safe na tarar da patron da mai kula da kuɗi tsaye a kan na'urar. Fitilar modem tana ta ƙiftawa ba tsayawa, mai gadi ya ce tun asuba yake jin kukanta. Na duba, saƙonni sun cika layin ajiya, kuma duk saƙo guda ne, amsar da aka aiko mana daga can. Tana shigowa, tamu ta mayar da ita Faransa, ta can ta sake turo ta, kowane zagaye yana haifar da takardar ƙorafi da ita ma ke shiga zagayen. Ban tsaya neman umarni ba, na miƙa hannu bayan tebur na fizge wayar daga bango.

Patron bai ɗaga murya ba. Ya ce, "In layin nan ya sake zama a buɗe haka, ba za su jira wata ba, yau za su rufe sashenku. Ka gane?" Na ce na gane.

Ban daɗe da zama ba sai ga matar abokina. Ta ce manyan motoci sun zo kwamisariya da sassafe sun kwashi mutane zuwa tasha. Ta je, ba a bar ta ta shiga ba, kuma babu wanda ya yarda ya gaya mata ko yana ciki. Ta zauna a kujerata ta gefe, ta kwance goyon tana jijjigawa. Ta ce, "Ka yi aikinka, ba zan yi magana ba."

Ban taɓa jin nauyin mutum a bayana irin na ranar ba. Babu wanda zan tambaya. Na buɗe ɗaya daga cikin saƙonnin na bi sawunsa a hankali, daga inda ya fito zuwa inda ya koma. Mutanen Faransa suna rubuto mana da cikakken sunan na'urarmu, mai dogon wutsiya. Ita kuwa gajeren sunan da abokina ya raɗa mata kaɗai ta sani. In saƙo ya zo da dogon suna, sai ta ɗauka na wani ne, ta mayar waje. Ba ta san da ita ake ba.

Layi guda ne gyaran. Na rubuta shi, na goge tarin saƙonnin, amma na kasa mayar da wayar. Na yi ta gwada ta a bushe, ina ba ta adireshi ina tambayar ta ina za ta kai, tana amsa mini daidai, ina sake tambaya. Daga ƙarshe matarsa ce ta karya alkawarinta, ta ce, "Ƙanena, rana tana tafiya."

Na yi bismilla na soke wayar. Na rubuta wa ma'aikacin can saƙo gajere, na ce ya amsa in ya gani. Modem ya yi kuka, ya zuba, ya kashe da kansa. Na jira, na sake sa ta kira. Saƙo guda ya shigo, ya tsaya a akwatina, bai koma ko'ina ba. Kalma biyu ce, ya iso.

Na ruga na kira patron. Ya zo ya karanta da idonsa, ya sa na nuna masa yadda zai rubuta, ya zauna yana neman haruffa da yatsa guda har ya gama roƙonsa. Amsar ba ta zo da wuri ba. An yi azahar, na yi salla a gefen na'urar, rabin hankalina yana kan modem, Allah ya yafe mini. Da ta zo, patron ya sa hannu a kwangilar a tsaye, ya ɗauki makullin motarsa, ya ce wa matar ta taso.

Ni aka bari. Ban iya taɓa komai ba, na tsaya a taga ina kallon ruwa da jiragen da ke can nesa, ina tunanin ko yana cikin ɗayansu. Bayan la'asar motar ta shigo. Na ƙirga kawuna ta gilashi kafin ta tsaya, na ga na abokina a baya. Motocin safe sun cika kafin a kai gare shi, shi ya sa aka bar shi sai zagaye na gaba.

Bayan ya huta ya dawo aiki. Ya buɗe fayil ɗin, ya kusantar da fuska saboda bai sami wani tabarau ba tukuna, ya daɗe yana karanta abin da na rubuta. Ya ce, "Ban taɓa ganin aiki mummuna haka ba. Kada ka taɓa shi, yana tafiya." Shi ne yabo mafi girma da na taɓa samu a sana'ar nan.

Katinsa ya fito. Na ɗauka magana ta ƙare, amma ba a daɗe ba wata rana muna cin abinci ya ce zai koma Garwa. Na ce, "Yaya, bayan duk wannan? Ga kati, ga kwangila." Ya ce, "Kati yana aljihuna, amma duk taksin da ya rage gudu sai in fara shirin sauka. Ba na so 'yata ta girma tana kallon ubanta haka." Bai taɓa ba ni labarin abin da ya gani a tsakar gidan nan ba, ni ma ban tambaya ba.

Ni na gaji kujerarsa. Na yi duk wahalar nan don kada ya rasa aikin, aikin ya dawo hannuna, kuma na daɗe ban san yadda zan ji game da hakan ba. Bayan tafiyarsa patron ya ce in cire sunansa daga na'urar, tunda ba ma'aikaci ba ne yanzu. Na rubuta umarnin, na zauna ina kallonsa, na tashi na sha ruwa na dawo, sannan na danna. Ba ta tambaye ni ko na tabbata ba. Ta sauko layi na gaba tana jiran umarni.

Tun daga lokacin na haɗa na'urorin saƙo da ban san adadinsu ba, yanzu ma yara na koya wa. In suka ga ina gwada abu sau da yawa kafin in sake shi, sai su ce tsufa ne. Ba na yi musu bayani. Abin da ya zauna mini daga waccan shekarar ba ilimin tab da sarari ba ne, wannan kowane littafi yana da shi. Zaman bencin nan ne. Na shiga ina ganin ni mai taimako ne da ya zo daga waje, na fito na san ɗan ƙaramin abu ne ya raba ni da shi, kuma ba ni na zaɓa ba.

Muna gaisawa har yanzu, ya tsufa, jikoki sun kewaye shi. Yarinyar da aka goyo ta zo biro ran nan ita ke karanta masa saƙona, domin ya ce idonsa ya gaji da allo. Ni ina nan Lalala. Na sami takardun ƙasa tun tuni, amma har gobe in na hango 'yan sanda sun tare hanya, hannuna yana kaiwa aljihu kafin in tuna.